Kishi da Kishiya: Tarihin Zaman Mata a Gidan Aure a Maiduguri

Kishi, a bakin Bahaushe, kalma ce mai fuska biyu. Idan aka ce mutum yana da kishin ƙasa ko kishin addini ko kishin kansa, yabo ne. Idan kuwa aka ce mace tana da kishi, to, an kama hanyar zargi. Daga wannan kalma aka ciro sunan matar da ake haɗa miji da ita, wato kishiya, sai ka ce harshen ya riga ya yanke hukunci tun kafin matan biyu su haɗa ido. Larabci ma bai sassauta ba, domin sunan kishiya a cikinsa, darra, tushensa ɗaya da kalmar cutarwa. Masana kan bambanta kishi da hassada. Mai hassada yana ƙyashin abin da ke hannun wani ne, mai kishi kuwa tsoro yake ji kada a raba shi da abin da ke hannunsa, ko a rage masa rabo. Shi ya sa hassada mutum biyu sun ishe ta, amma kishi sai da na uku. A tarihin gidan aure na ƙasar Barno da ƙasar Hausa, abin da mace ke tsoron ya ragu bai tsaya ga zuciyar miji ba. Akwai kwana, akwai hatsi da kuɗin cefane, akwai matsayin 'ya'ya, akwai gado.

Maiduguri gari ne da ya dace a bi wannan tarihi a cikinsa, saboda al'adun aure iri-iri sun haɗu a nan. Garin bai tsufa ba. A 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya kafa fadarsa a Yerwa, kusa da sansanin da Turawan Ingila suka yi a gefen ƙauyen Maiduguri. Barebari suka zauna a Shehuri da kewayen fada, fatake da masu sana'a daga ƙasar Hausa suka yi Hausari, Larabawan Shuwa da Fulani da Babur da Margi suka shigo. Jirgin ƙasa ya iso a 1964, garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, aka buɗe jami'a a 1975. A hankali Hausa ta zama harshen kasuwa da na unguwa, har kalmomin uwargida da amarya da kishiya suka shiga bakin mutanen da ba Hausawa ba.

Tsarin gidan manya da aka zo da shi Yerwa ya girmi garin da ɗaruruwan shekaru. A fadar sarakunan Saifawa, babbar matar Mai, wato sarki, tana da sarauta tata, Gumsu, kamar yadda uwar sarki take Magira, babbar 'yar'uwarsa kuma Magaram. Shehunan da suka gaji mulkin, tun daga Muhammadu al-Amin al-Kanemi da ya kafa Kukawa a 1814, ba su yar da wannan tsari ba. Cikin gida yana ƙarƙashin kulawar bābanni, a ciki kuma akwai matan aure da shari'a ta iyakance su huɗu, da ƙwaraƙwarai da ba su da iyaka. A irin wannan gida kishi siyasa ne. Ɗan ƙwarƙwara ɗa ne cikakke, yana gado, yana iya hawa gadon sarauta, uwarsa kuma ba a sayar da ita, tana samun 'yanci idan ubangijinta ya rasu. Saboda haka duk macen da ta shigo, ko baiwa ce, tana iya zama uwar sarkin gobe. Jerin sunayen sarakunan Barno da Heinrich Barth ya samu a Kukawa a 1851 yakan ambaci sunan uwar sarki tare da na ubansa, alamar cewa ɗakin da mutum ya fito abu ne da ake lissafi da shi. Marubutan tarihi sun rubuta rigimar 'ya'yan Shehu, kamar yadda Abdurrahman ya ture ɗan'uwansa Umar a 1853, Umar ya dawo a 1854. Abin da ke gudana tsakanin iyayen 'ya'yan sarauta a bayan katanga kuwa, ba a cika rubuta shi ba.

Talaka ba shi da bābā mai tsaron gida, amma yana da littafi ɗaya da sarki. Barno ƙasar Malikiyya ce, Risala da Muhtasar ake karantawa a zaurukan malamai, alƙalai kuma da su suke hukunci. Fiƙihu bai ɗauki kishi a matsayin abin mamaki ba. Hadisai sun kawo labarin kishin Nana A'isha ga Nana Khadija da ba ta taɓa zama da ita ba, da labarin akushin abinci da aka fasa a gidan Annabi, aka biya da wani, ba a yi dogon faɗa ba. Abin da malamai suka yi shi ne auna abin da ke aunuwa. Kwana ana raba shi daidai, asalinsa dare ɗaya da yini ɗaya ga kowace mace, sai da yardarsu ake ƙarawa. Amarya budurwa tana da kwana bakwai, bazawara uku, daga nan a koma layi. Mace tana iya kyautar da kwananta, kamar yadda Nana Sauda ta bar wa A'isha nata. Kowace tana da haƙƙin mazauni nata, ba a tilasta mata zama ɗaki ɗaya da kishiya. Karkatar zuciya kuwa, aya ta 129 ta Suratun Nisa'i ta riga ta faɗi cewa ba a iya daidaita ta, alƙali ma ba ya shiga ciki. Ƙwarƙwara ba ta da rabon kwana.

Lissafin gado shi ne wurin da ake ganin dalilin tsoro a fili. Idan miji ya rasu ya bar 'ya'ya, matansa duka kashi ɗaya cikin takwas suke rabawa, wato tumunin takaba. Mace ɗaya ta ɗauke shi gaba ɗaya, mata huɗu kuwa kowace kashi ɗaya cikin 32 za ta samu. Mafi yawan sauran dukiyar ta 'ya'ya ce, namiji yana ɗaukar rabon mata biyu. Uwargidan da ta haifi mata zalla, aka kawo mata amarya ta fara da namiji, ba ta buƙatar malamin lissafi ya gaya mata abin da ya faru. Daga nan ne 'yan ubanci ke samun taki, kishin iyaye mata ya gangara ga 'ya'ya, wani lokaci ya daɗe bayan su iyayen sun bar duniya.

Al'ada ta ɗora nata a kan na shari'a. Ta haɗa kwana da tukunya, aka sami girki. Mai girki ita ke karɓar cefane, ta dafa wa gida duka, ta kai wa maigida abinci, ta kwana a turaka. A gidajen Hausawa da yawa kwana bibbiyu ake yi. Mijin da ya leƙa ɗakin wata a daren da ba nata ba ya yi satar kwana, kuma kalmar sata ba da wasa aka zaɓe ta ba. Idan zai ƙara aure, sai ya yi wa uwargida kayan faɗar kishiya: atamfofi, turare, takalma, wani lokaci har da gyaran ɗaki. Sunan kayan ya nuna amfaninsu. Ba a ɓoye wa mace cewa an taɓa ta ba, an yarda an taɓa ta, an biya. Uwargida kuma tana da girmanta, ita ake damƙa wa amarya amana a gaban tsofaffin dangi, amarya ta kira ta Yaya, ko da kuwa a ƙasan zuciya ba yaya ba ƙanwa.

Duk da wannan tsari, kowa ya san akwai mowa akwai bora. Tatsuniya ta daɗe tana ba yara labarin 'yar bora da ake wulaƙantawa, a ƙarshe ita ke dacewa, 'yar mowa ta kwaikwaye ta ta faɗa halaka. Tun da tsofaffin mata ne ke yin tatsuniyar, ba wuya a gane gefen da suke. Karin magana ma cike yake da kishiya. An ce kishi kumallon mata, in ya motsa sai an amayar. An ce ba kukana ba, uwar kishiya ta mutu. Akwai jerin karin magana masu ƙarewa da in ji kishiyar wance, inda mace ke yin addu'a ko jaje da baki, alhali dariya take yi wa aibin 'yar'uwar zamanta. Wannan ita ce hanyar habaici da gugar zana. Kunya ta hana a fito a yi zagi, a Kanuri ma kunya, nongu, babbar ɗabi'a ce, saboda haka sai a faɗa wa kaza ko yaro ko turmi abin da ake so kishiya ta ji. Waƙar daka da waƙar niƙa sun ɗauki nauyi mai yawa a nan, haka kiɗan amada na ƙwarya a gidan biki, wanda Barmani Choge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013, ta fito da shi fili. Habaicin bai tsaya ga baki ba. A kasuwannin Lome da Abijan akwai wata sananniyar atamfa da mata suka raɗa wa suna idon kishiyata.

Inda habaici ya gaza, akan nufi boka ko malamin tsibbu. Mallaka ta sa miji ya zama sai abin da aka ce, farraƙu ya raba shi da kishiya, kurciya ta sa ta bar gari. Ko asirin ya ci ko bai ci ba, zarginsa yana aiki. Ɓari, ciwon da ya ƙi jin magani, yaron da ya lalace, duk ana iya rataya su a wuyan kishiya, kuma zargin da ba shi da shaida ba shi da ranar wankewa.

Babbar ƙofar da kishi ke fita ta cikinta a Barno ita ce saki. Ronald Cohen, masanin al'adu da ya zauna cikin Barebari tun tsakiyar shekarun 1950, ya fitar da littafi a kan al'ummar a 1967, da wani a 1971 a kan rashin ɗorewar aurensu. Ya tarar da saki ya yawaita ƙwarai, mace ta yi aure sau da yawa a rayuwarta ba abin kunya ba ne. Ya fassara zaman da ja-in-ja tsakanin iko na miji da bijirewar mace, ya kuma lura cewa aure ɗaya-ɗaya yana saurin karyewa amma tsarin kansa yana nan daram. Bazawara, wadda Kanuri ke kira zower, tana da 'yancin da budurwa da matar aure ba su da shi: ta zaɓi mijin da take so, ta yi sana'a, ta ƙi wanda ba ta so. Macen da zaman kishiya ya ishe ta ba dole ta mutu a ciki ba. Tana iya yin yaji, miji ya bi da biko, dattawa su zauna. In abin ya ƙi, ta matsa har ya sake ta, ko ta fanshi kanta da kul'i, ko ta kai ƙarar cutarwa, domin Malikiyya ta ba alƙali ikon raba aure saboda cuta. Kuɗin wannan 'yanci shi ne 'ya'ya, waɗanda bisa al'ada sukan koma gidan uba, su tashi a hannun kishiyar uwa. Labarin Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta rayuwarta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya nuna haka abin yake a ƙasar Hausa: aure huɗu ta yi, kuma a labarinta akwai kishiyoyin da suka yi gaba, akwai waɗanda suka zauna lafiya suna riƙon 'ya'yan juna.

Zamanin Turawa ya sauya ma'aunin ta inda ba a zata ba. Lugga ya hana cinikin bayi a 1901, aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa a 1936. Aikin da kuyangi ke yi, daka da ɗebo ruwa da itace, bai tafi tare da bautar ba. Barbara Cooper, a bincikenta kan aure a Maraɗi da ya fito a 1997, ta nuna yadda aikin ya koma kan matan aure, musamman ƙananan cikinsu, yadda kuma matan da suka fito daga bauta suka rungumi kulle don ya raba su da aikin gona. Amarya ta zama mai rage wa uwargida aiki kuma mai rage mata rabo a lokaci guda. Gasar ta koma kan kayan ɗaki: jeren ƙwarya, daga baya tasoshi da kwanonin sama, daga baya kabet da gado da kujeru. Kayan ɗaki mallakar mace ne, da su take nuna cewa tana da dangi a bayanta.

A Maiduguri gasar ta sami wani fage da garin ya yi suna da shi, wato ƙamshi. Turaren wuta, wanda Kanuri ke kira ka'aji, da humra da dilka da halawa sana'a ce ta matan Barebari da Shuwa, mai alaƙa da Chadi da Sudan ta tsohuwar hanyar alhazai. Ana turara ɗaki da lafaya da jiki, ana tsare amarya kwanaki ana yi mata gyaran jiki kafin daren wushe-wushe. Uwa kan koya wa 'yarta haɗin gidansu, ba ta faɗa wa maƙwabciya. Daga Kasuwar Litinin da Gamboru kayan suka bazu zuwa Kano da Kaduna da Abuja, har ya zama idan aka ce wane zai auro 'yar Maiduguri, sai a ce uwargida ta ɗaura ɗamara. Maganar akwai zolaya a ciki, amma ta nuna yadda kishi ya zama kasuwa. Yau uwargida ma zuwa take a yi mata gyaran jiki kafin a kawo amarya.

Kishin maza bai sami suna irin na mata ba, katanga ya samu. Zaure, da labule, da hana baƙo namiji shiga cikin gida, da kulle, duk gini ne da kishin namiji ya yi, amma ana kiransa kare mutunci. Namijin da ba shi da shi ana zaginsa, macen da ke da shi ana ba ta haƙuri. Shari'a ta sa masa linzami a wuri guda: mai zargin mace da zina ba tare da shaidu huɗu ba yana shan bulala 80, miji kuma ba shi da mafita sai li'ani, rantsuwar da Suratun Nur ta tsara, wadda ke raba auren har abada. Kundin hukunta laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya sanya zina cikin laifuka, ya kuma bar ƙofar sassauci ga wanda ya yi kisa cikin tsokana mai tsanani ta ba-zata, ƙofar da mai kishi kan nemi bi ta ciki.

Masana halayyar ɗan Adam sun zo daga baya suka ba abin sunaye. Sigmund Freud a 1922 ya kasa kishi gida uku: na gasa wanda kowa ke ji, da na mai ɗora wa abokin zamansa abin da shi yake ɓoyewa a ransa, da na ruɗu wanda ya zama ciwo. Wannan na ƙarshe likitoci biyu a Ingila suka raɗa masa sunan Othello a 1955, kuma magani yake buƙata, ba nasiha ba, domin mai shi ba ya jin hujja. A 1992 David Buss da abokan aikinsa a Amurka suka ce namiji ya fi jin zafin cin amana ta jiki, mace ta fi jin zafin karkatar zuciya. An yi ta musu a kan hanyar da suka bi, kuma yawancin waɗanda suka tambaya ɗaliban jami'a ne. Binciken da ya fi kusa da gidan Bahaushe da Babarbare shi ne na William Jankowiak da abokansa a 2005, waɗanda suka duba bayanan al'ummomi 69 masu auren mace fiye da ɗaya, suka tarar rikicin kishiyoyi ya game kusan ko'ina, kuma rabon kusanci da miji yana cikin manyan dalilansa. Wannan ya raunana zancen masu cewa al'ada na iya cire kishi daga zuciya. Abin da al'ada ke iyawa shi ne ta yi masa magudana.

Mata marubuta sun faɗi nasu. Zaynab Alkali, 'yar kudancin Barno da ta daɗe tana koyarwa a Jami'ar Maiduguri, ta fitar da The Stillborn a 1984. A ciki Faku ta bi miji birni ta tarar da uwargida mai 'ya'ya ta riga ta cika gidan, Li kuma ta gano mijinta yana zaune da wata. A Kano, Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, labarin Rabi mai 'ya'ya tara da Alhaji Abdu ya kora saboda amarya. Littattafan biyu sun ɗauke laifin daga kan kishiya sun ɗora wa mijin da ya kasa rabo, abin da karin magana ba ta cika yi ba.

Alƙaluman binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya sun nuna kashi 41 cikin 100 na matan aure suna da kishiya a 1990, ya sauko zuwa 31 a 2018, Arewa ce ke riƙe da kaso mafi yawa. Tunisiya ta haramta ƙarin aure a 1956, Maroko ta ƙara ɗaure shi da izinin alƙali a 2004. A Kano, Sarki Muhammadu Sanusi II ya kawo shawarar a 2017 a hana marar hali ƙara aure, aka yi ta cece-kuce. A Maiduguri kuwa, rikicin da ya ɓarke a Yulin 2009 ya bar dubban mata cikin takaba, ya kwararo da mutanen ƙauyuka cikin gari, iyalan da a da kowace mace ke da ɗakinta suka matsu a sansanoni irin su Bakasi da Dalori ko a ɗakin haya. Auren zawarawa da marayu ya zama abin da malamai ke kwaɗaitarwa, uwargida kuma aka bar ta da tambayar inda za a samo abin ciyar da ƙarin baki.

A ɗaya gefen garin, masu hali sun raba wa mata gidaje, wata a GRA, wata a Bulumkutu. Faɗan tsakar gida ya ragu, amma girki na tukunya ɗaya ya tafi, haka tsohuwar da ke zaune tana ganin komai tana tsawatarwa. Kishiyoyin da ba sa haɗuwa suna ganin juna a hotunan WhatsApp, habaicin da ake yi wa turmi ya koma kan waya. Wayar maigida kanta ta zama ɗaki na biyar da ba a san mai shi ba, kuma masu yi wa malamai tambaya suna son sanin ko doguwar hira da wata matar a daren 'yar'uwarta ta shiga satar kwana. Idan magana ta kai kotun shari'a, alƙali yakan fara da neman sulhu ta hannun wakili daga dangin miji da wakili daga dangin mata. In sulhu ya gagara, mace ta nemi kul'i, sai a koma kan sadaki, wanda a gidajen Barebari da yawa har yau da tsabar zinare ake ƙirga shi.